Rabin Bakin Na'Allah

A Lambara babu wanda bai san tarihin Na'Allah Ƙarfe ba, domin shi da kansa ya ɗauki nauyin kada kowa ya manta. Da ƙuruciya ɗan kokawa ne, kuma maganar gaskiya ya yi kaye. Ya ka da mazan Mandera, ya ka da na Horo Birni, an taɓa karya masa haƙarƙari a fili bai ce uffan ba har aka tashi wasa. Yanzu shekaru sun ja, noman albasa yake yi a fadama, tumbi ya sauko ya zauna inda ɗamara take zama a da, amma haƙarƙarin nan bai huta ba. Kullum da la'asar, a gindin dogon yaron ƙofar gidansa, sai ya sake karyewa. Wata rana guda ɗaya ne, wata rana biyu, ranar da aka yi baƙo kuwa har da kafaɗa.

Mai sauraronsa na kullum shi ne Haliru, amininsa tun suna yara, siririn mutum mai sanyin magana wanda bai taɓa shiga fili ba. Na'Allah yana ƙaunarsa ƙwarai, musamman saboda amfaninsa: duk lokacin da ake zancen maza, akwai wanda za a nuna a ce ga irin waɗanda ba su ba. Haliru sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Ciwon ya shigo a hankali, yadda ba za a ce ga ranar da ya fara ba. Da farko idan ya gatsa goro sai ya ga wani ja wanda ba na goro ba. Daga nan asuwaki ya riƙa fitowa jina-jina. Dasashi ya kumbura, ya ja da baya, haƙora suka yi tsawo kamar ana ƙara musu kowace damina. Na'Allah ya ce jini ne ya yi masa yawa, irin na masu ƙarfi, dole ya nemi hanyar fita. Jikokinsa da suka saba hawa cinyarsa suka koma gaishe shi daga bakin zaure. A masallaci, duk wanda sahu ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa yakan tuna da wani uzuri na gaggawa da zarar an sallame.

Matarsa Khadijatu ce kaɗai ta iya faɗa masa, ita ma sai da ta bari ya ƙoshi.

"Maigida, bakinka na wari."

"Albasa ta."

"Tun ina amarya nika zaune da albasa. Wanga ba warinta na ba."

Ya yi mata wani kallo irin wanda ya taɓa yi wa mazan Mandera. Ta kwashe kwanuka ta tafi abinta, domin ita ta san ƙarshen kallon.

Abin da magana ba ta yi ba, ƙashin rago ya yi. A wajen wani suna, Na'Allah ya ɗauko ƙashi zai fasa da haƙori kamar yadda ya saba yi don samari su gani. Yana dannawa sai ya ji haƙorin taunarsa na hagu ya yi lilo, wani zafi ya bi ta kunne ya hau ka. Ya ajiye ƙashin a hankali, ya ce ragon bai yi ɓargo ba. Da ya koma gida ya ce wa Khadijatu zai ga likita, amma ba a Shagari ba, inda kowane ɗan kabu-kabu ya san fuskarsa. Ita kuwa dama ta riga ta binciko cewa akwai likitar haƙori da ke zama a wani asibiti a Bodinga. Aka shaida wa majalisa cewa za a je duba irin albasa.

Abu na farko da ya ɓata masa rai shi ne likitar. Yarinya ce, da wuya ta girmi autarsa Sa'adatu, ga gilashi, ga ƙyalle ta rufe hanci da baki. Sunanta Nusaiba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce Baba a hau kujera. Kujerar ta kwanta da shi ba tare da ta yi shawara da shi ba, sai ga Na'Allah Ƙarfe, wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa a gaban jama'a ba, yana kallon silin, fitila a ido, baki a wangame.

Ta daɗe tana zagaya haƙoran da wani siririn ƙarfe, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi. Da ta gama ta ɗaga kujerar, ta kira Khadijatu ta shigo ita ma ta ji.

"Baba, ciwon ga ya daɗe," in ji ta. "Datti ya daskare ƙarƙashin dasashi, ya zama kamar dutse, ƙwayoyin cuta sun yi gida ciki. Sai mun kankare shi har saiwar haƙori. Yau mu yi gehen dama, in ka dawo mu yi na hagu. Sannan in ba ka wata ƙwaya da za ka sha wata uku."

"To ki ba ni ƙwayar mana mu tahi."

"Ƙwayar mataimakiya ta. Kankarar ita ta aikin."

Ta juya ta ɗauko sirinji, ta ce allurar kashe zafi ce. Nan fa Na'Allah ya kawar da ido. Akwai wani sirri da ko Haliru bai sani ba: tun da aka haife shi babu abin da yake tsoro a duniya kamar allura. Lokacin da ake rigakafin sanƙarau a garin, kwana ya yi ta yi a fadama wai yana gadin albasa. Yanzu ga allura, doguwa, kuma ba a hannu za a yi ta ba, a cikin baki.

"Ajiye wagga, ɗiyata," ya ce da muryar majalisa. "Ni anka karya ma haƙarƙari ban ce uhm ba. Ki bar ma mata da yara."

Ta ce zai yi zafi. Ya ce zafi ya san shi. Ta sake faɗa, ya sake ƙi. Ta ce to, duk lokacin da ya canza shawara ya ɗaga hannu. Khadijatu ta koma baranda ta zauna a benci.

Haƙori na farko ya daure, ya damƙe hannun kujera har jijiya ta fito. A na biyu hawaye suka gangara ta gefe suka shiga kunne. Da ƙarfen ya nutsa ƙarƙashin na uku ya taɓo wani wuri, Na'Allah bai ɗaga hannu ba, murya ya ɗaga.

"Wayyo Inna! Inna ki cece ni!"

Innarsa ta daɗe a kabari. Ihun ya ratsa ƙofa, ya bi baranda, wani yaro da ake jira a cire masa haƙori ya fashe da kuka. Khadijatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, wata mata a gefenta ta riƙa ba ta haƙuri tana cewa Allah zai ba shi lafiya.

Likita Nusaiba ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Cewa kawai ta yi, "Baba, runtse idonka." Ya runtse. Aka yi allurar, bai ma san an yi ba sai da ya ji leɓensa ya zama kamar na wani. Ta kankare gefen dama tas, yana kwance lamo, yana jin ƙarar ƙarfe a cikin kansa yana tunanin ko akwai ɗan Lambara a barandar.

Da aka gama ta kawo ƙwayar. Na'Allah ya zazzago ɗaya a tafin hannu ya dube ta. 'Yar ficiciya ce, ko ƙwayar wake ta fi ta.

"Wagga za ta kashe ciwon da yak kusa kashe ni?" ya tambaya, magana tana fita ta gefe ɗaya.

"Ba ta kashe komi, Baba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na, doksisaikilin, amma an rage ƙarhinai ƙwarai da gangan, miligiram ashirin kacal. A haka ba kisa taka yi ba, lallashi taka yi."

"Lallashi?"

"Ka ga in akuya ta shiga gonarka, kab bi ta da sanda a guje, wa ka hi ɓarna, kai ko ita? Haka jikinka ka yi. Ya husata da dattin ga, garin hwaɗa da shi shina cinye naman da ƙashin da ka riƙe haƙoranka. Kankara ita ka hidda akuya. Ƙwayar ga ita ka riƙe mai gona kar shi tattake sauran. In ba a hidda akuya ba, riƙon banza na."

Sauran bayanin Khadijatu ta yi wa, domin ta lura hankalin mai haƙoran yana kan ƙofa. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kafin abinci da tazara, da ruwa mai yawa, kada a haɗa da nono, kada a sha a kwanta nan take. Ta ce ba a ko'ina ake samun wannan ƙaramar ba, don haka a riƙe ta da kyau. Ta ƙara da cewa, tana kallon Khadijatu ido cikin ido, kada a kuskura a ba mai ciki, ko mai shayarwa, ko ƙananan yara, kada ma a ba kowa. Ta sa musu ranar dawowa.

Suka shiga mota, suka wuce gari. Sannan Na'Allah ya ce, yana kallon taga, "Abin da yaf faru can, can yaf faru."

"Mi yaf faru?" in ji Khadijatu. "Ni ban ji komi ba. Ihu ya hana ni ji."

Kafin wata ya zagayo, gefen dama ya yi wani irin sauƙi da ya ba shi mamaki. Jinin ya tsaya, kumburin ya saɓe, dasashin ya kama haƙori. Ya koma tauna goro ta nan, har ya riƙa karkata fuska idan yana magana da mutane don su samu gefen mai kyau. Ranar komawa kuwa ta zo ta tarar da shi yana ban ruwa. Wadda ta biyo baya an yi rasuwa a Mandera, ta wani da rabonsa da shi tun zamanin kokawa, amma ya ce zumunci ya wuce haƙori. Daga nan injin ban ruwa ya lalace. Daga nan Khadijatu ta daina tambaya.

Matsalar ita ce mutum irin Na'Allah ba ya iya samun sauƙi a ɓoye. Da aka fara cewa Ƙarfe ka yi haske, sai labari ya fito, amma gyararre. Ya ce ya je Bodinga duba iri, ya haɗu da wata babbar likita da ta gane shi tun daga nesa, ta roƙe shi ya gwada wani magani da ba kowa ake ba ba. Ya fito da kwalbar daga aljihu, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. Wani ya tambaya ko gaskiya ne likitocin haƙori suna kankare baki da ƙarfe.

"Wanga dut dabara ta ta ɓata ma mutane lokaci," in ji Na'Allah. "Na bari ta taɓa mani gehe guda don kar ta ji kunya, ina ta ba ta labari tana aikinta. Amma sirrin na cikin ƙwaya. Ka gan ta ƙanƙanuwa? Ƙarhinta na yas sa anka rage ta. Da an bar ta yadda take, sai ta ka da raƙumi."

Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, a na uku shi ma ya yarda. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, domin idan ƙwaya ce ke aikin, to babu abin da ya bari a Bodinga da zai koma ɗaukowa.

Ashe rabin majalisar bakinsu na jini, kowa yana ɓoyewa. Haliru ne ya fara roƙon guda biyu. Sai limamin unguwa ya aiko. Sai masu ciwon haƙori, sai mai ƙurji a harshe, sai wani da kunnensa ke ƙaiƙayi ya ce ai duk hanya ɗaya ce. Na'Allah bai hana kowa ba. Yakan sa mutum ya buɗe baki, ya leƙa da fitilar waya, ya girgiza kai, ya ce an zo a kan lokaci. Aka fara kiransa Likita, da wasa da farko, daga baya wasan ya faɗi aka bar sunan. Maganin wata uku ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Ya ɗauki kwalbar da babu komai ya tafi Shagari, kemis ɗin wani Shamsuddeen. Shamsuddeen ya karanta jikin kwalbar ya ce ba shi da wannan ƙaramar, sai dai babbar, mai miligiram ɗari, kafso.

"Yayanta kenan?" in ji Na'Allah, ido ya yi haske.

"Kusan hakanan. Amma Baba, da ka koma wurin wadda tar rubuta maka."

"Yaro, in ga yaya, mi za ni yi da ƙanwa?"

Shamsuddeen ya ga ya sauke nauyin da ke kansa, sai ya sauke kwalaye daga kanta.

A hanyar dawowa Na'Allah har haushin likitar ya ji. Wato akwai babba a gari, ta dube shi, shi Ƙarfe, ta ba shi na yara. Ya fara shan kafso biyu da safe, ya kora da ɗan yawun bakinsa, domin a ganinsa neman ruwa don haɗiye magani ragwanci ne. Majalisa ta bi sahu.

Lokacin ciran albasa ne, rana tana dukan fadama tun hantsi. Cikin 'yan kwanaki ƙirjin Na'Allah ya fara ci da wuta, kamar ya haɗiye garwashi ya maƙale a hanya. Zuciyarsa ta riƙa tashi. Fatar wuyansa da bayan hannuwansa, wadda ta shekara tana shan rana ba ta taɓa kuka ba, ta soma raɗaɗi tana saɓulewa. Haliru ya rame ya ƙara zama tsinke. Liman ya gajarta karatun sallar azahar har mutane suka yi ta yaba masa, ba su san cikinsa ne ke kiransa ba. Da aka kawo ƙara, Likita Na'Allah ya ce alama ce mai kyau, ciwo ne ke fita, kowa ya daure kamar namiji. Gefen hagunsa kuwa yana nan yadda yake, jini bai fasa ba, wari bai fasa ba, haƙorin da ƙashi ya girgiza ya samu abokin lilo.

Ana cikin haka Sa'adatu ta zo gida daga Horo Birni, da cikinta na fari ya fito sosai. Tana hira da uwarta ta ce ita ma kwanan nan idan ta goge baki sai ta ga jini. Na'Allah yana alwala ya ji. Ya shiga ɗaki ya fito da kafso cike da hannu, ya ce ta riƙa shan biyu, kafin ta haihu ta manta da zancen.

Sa'adatu ta miƙa hannu biyu. Khadijatu ta riga ta. Ta karɓe kafson, ta ce wa 'yar ta shiga maƙwabta ta gaishe su. Sai da ta ji fitarta sannan ta juyo.

"Maigida, ka sha, na yi shiru. Ka ba tsohhin banza sun sha, na yi shiru, kowa da cikinai. Amma ɗiyata da abin da ka cikinta, a'a. Gabanka likita tac ce kar a ba mai ciki, ƙaramar ma, balle wagga."

"Ke mi kin sani ga magani?"

"Ban san magani ba. Abin da nis sani, na zauna baranda a Bodinga. In ka sake ba wani mahaluki ƙwaya guda cikin garin ga, wallahi gidan biki na hwarko da nis shiga, sai na kwaikwayi yadda ka kira Inna. Da muryar, da komi. Ka san na iya."

Ya sani. Khadijatu tana kwaikwayon tafiyar kowa a unguwar, har ta liman. Ya tsaya da buta a hannu, ya ce za a makara salla. Da la'asar aka sanar a gindin dogon yaro cewa maganin ya yanke a ƙasa baki ɗaya, sai an shigo da wani. Cikin mako guda lafiyar majalisa ta dawo, liman ya koma dogayen surori. Ita kuwa Sa'adatu, uwarta ta ce ta faɗa wa masu awon ciki, su san abin da ya dace da ita.

Barazanar ta rufe asibitin ƙofar gida, amma ba ta mayar da shi Bodinga ba. Wannan aikin kuncinsa ne ya yi. Ranar da masu sayen albasa suka zo da motarsu, Na'Allah ya tashi da gefen hagu ya haye kamar ya ɓoye lemo a ciki, ido ɗaya ya ƙanƙance, ruwan ciwo yana tsatsa a baki. Ya naɗe fuska da rawani ya fita, ya ce rina ce ta harbe shi. Bai iya ciniki ba, domin kowace kalma sai ta bi ta kan haƙorin. Da azahar ya shigo gida ya zauna a ƙasa, ya jingina da turmi, ya ce a hankali, "Khadijatu, ɗauko mayahinki."

Likita Nusaiba ta duba dama, ta duba hagu.

"Baba, ka sha maganin?"

"Na sha. Har na ƙara da yayanta."

Khadijatu ta zazzage labarin duka, da liman, da mai ƙaiƙayin kunne, da Sa'adatu. Da aka zo kan Sa'adatu likitar ta cire gilashinta ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba, amma ladabin ya ragu sosai.

"Baba, ka girme ni, amma sai na hwaɗa maka. Babbar ga da kuka sha barkatai, ita ta ƙone maka ƙirji da hwata, kuma irin wanga shan shi ka koya ma ƙwayoyin cuta taurin kai, ranar da mutum ka bukatar maganin da gaske shi ƙi ci. Don gudun haka anka rage taka. Kuma duba bakinka da kanka." Ta miƙa masa madubi. "Baki guda, magani guda. Nan an kankare, nan ba a kankare ba. Wanne yaw warke?"

Na'Allah ya duba. Ya ce hasken ɗakin bai isa ba.

Haƙora biyu ba su tsira ba, ƙashin da ke riƙe da su ya riga ya tafi. Da ta ɗauko sirinji ya ce ta yi allurar, ba don komai ba sai don kada motsinsa ya firgita ta tana aiki. Ya runtse ido tun kafin a ce masa. Aka fitar da ruwan ciwon, aka cire na cirewa, bayan kumburi ya sauka ya sake dawowa aka kankare sauran. Wannan karon kwalbar ƙaramar ƙwayar a hannun Khadijatu aka damƙa ta. Ta ɗaure ta a bakin zane, safe da yamma ta ba shi ɗaya da kofin ruwa cike, ta tsaya a kansa har ya shanye. Furarsa ta safe aka matsar da ita zuwa hantsi. Aka sayo buroshi, aka koya masa bin gindin haƙori a hankali maimakon dirzar da yake yi kamar mai wankin tukunya. Ya yi gunaguni wata uku cur, bakin kuma ya warke a cikin gunagunin. Jikoki suka dawo cinya.

Wanda ya ɗauka Na'Allah zai yi sanyi bai san shi ba. Majalisa ta wayi gari da sabon karatu, daga bakin malamin da ya kawo na farko, kuma da ƙarfin murya iri ɗaya.

"Ƙwaya? Ƙwaya mataimakiya ta! Wanda dut yac ce maku ƙwaya kaɗai ka warkarwa, jahili na. Sai an kankare. Amma hwa ba kowa ka iya zama kujerar ga ba. Wurin maza na."

Babu wanda ya tambaye shi wane ne jahilin. Giɓin ma ya samu tarihi: ya ce tsohon targaɗen kokawa ne ya tashi.

Haliru dai bakinsa bai daina jini ba, sai Na'Allah ya sa shi gaba. Ya ce amana ce, ba zai bar amininsa ya lalace ba, shi zai kai shi da kansa. A mota ya yi ta kwatanta masa tsawon ƙarfen da yadda yake nutsewa, ya ce idan ya ji ba zai iya ba ya yi ihu abinsa, babu wanda zai ji sai shi, shi kuwa ba mai yaɗa magana ba ne. Da suka isa ya zaɓi bencin da ya fi kusa da ƙofa, ya zauna a bakin-bakinsa, ya karkata kunne.

Ya ji an kwantar da kujera. Ya ji ƙarar ƙarfe. Ya jira. Ya gyara zama, ya cire hula don kada ta tare masa kunne. Can sai ga wani sauti yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, a hankali, yana hawa yana sauka. Na'Allah ya miƙe da murna ya manna kunne a jikin katako. Minshari ne.

Da aka buɗe ƙofa likitar ta fito tana cewa ba ta taɓa samun mai sauƙin aiki irin Baba Haliru ba, sau biyu tana tashinsa ya buɗe baki. Haliru ya biyo ta yana mutsuke ido, ya tambaya yaushe zai dawo a yi ɗaya gefen, ko za a iya yi gobe.

Suka kai tasha suka shiga mota. Sai da ta tashi Na'Allah ya ce, "Hannunta ya yi laushi yanzu. A kaina tak koyi aikin."

Haliru ya gyaɗa kai, ya jingina da taga, ya koma barcinsa.